Gwadon Maikuɗi a Batha

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad cikin 'yan shekarun nan ya san Saidou mai gilashi, wanda bai san shi ido da ido ba kuwa ya ji labarin hannunsa. Gajere ne kakkaura, ga wuya kamar turmi. Ba ya cacar baki da kowa. Shi a wurinsa baki na cin tuwo ne, in magana ta yi tsawo hannu ke ƙarasa ta. Mutanen Maradi da ke Riyad sukan ce Saidou ba mugu ba ne, zuciya ce kawai take riga hankalinsa isowa. Amma wanda aka fasa wa hanci ina ruwansa da wanda ya riga wani?

A Tudun Wadari aka haife shi, wani ƙauyen masaƙa kudu da Madarumfa, dab da iyaka. Garin bai taka kara ya karya ba, sai dai kowane gida a cikinsa yana da jerin zarensa, wato yadda launuka ke bin juna a jikin tufa. In ka ga mace a kasuwa da zanen saƙi, kafin ta buɗe baki ka san gidan da ta fito. Jerin nan ba a rubuce yake ba. Uba ke gaya wa ɗa ranar wadari, lokacin da ake miƙa zare tsakanin turaku, uban yana kai da komo yana faɗa, ɗan yana biye da shi yana maimaitawa.

Uban Saidou, Maikuɗi, sunan kawai ya samu. Abin da ya mallaka mai daraja gwado ne guda, wanda ya saƙa wa kansa da jerin gidansu cikakke, kuma ba ya rabuwa da shi: da rana yana kafaɗa, da sanyi lulluɓi ne, in baƙo ya zo ya zama shimfiɗa. A gefensa akwai inda Saidou ya ƙona da garwashi yana ƙarami, tsohon ya cike ramin da jan zare. Ban da saƙa, Maikuɗi ake kira in namiji ya rasu, shi ke wankan gawa. Al'adar yankin kuwa, wanda ya yi wa mamaci wanka shi ake ba tufar da mamacin ya cika a cikinta, kuma ba ya sayarwa, ba ya kyautarwa ko da ga 'ya'yan mai ita ne. Sawa zai yi ta yi har ta mutu a jikinsa, ana cewa kowace sawa lada ce ga wanda ya tafi. Shi ya sa Maikuɗi kullum cikin rigunan matattu yake, wata ta yi masa burum-burum, wata ta ɗame shi. Yara suka riƙa tsokanar Saidou da haka, a kan haka ne kuma ya fara cire wa wani haƙori.

Zaman masaƙa bai karɓe shi ba, aikin na masu sanyin jini ne. Wata rana zare ya yi ta tsinke masa, ɗan baffansa ya kwashe da dariya, Saidou ya ɗauki ƙoshiyar saƙa ya rotse masa kai, jini ya ɓata farin zaren da aka yi kwanaki ana kaɗawa. Maikuɗi ya zane shi da tsumagiya har ta ƙare, sannan ya koma gindin bango ya yi tagumi. Daga nan Saidou ya shiga duniya, ya yi dako a Maradi, ya yi turin baro, ya yi faɗa a kowace tasha. Da hanyar Saudiyya ta samu ya koma gida sallama, ya tarar da tsohon yana kafa turaku.

"Ka zo a daidai," in ji Maikuɗi. "Aje jakarka ka biyo ni in gaya maka jerin gidanmu. Kai kaɗai gare ni namiji."

"Baba, mota na jira. In na dawo."

Tsohon ya dube shi, ya ce Allah shi kiyaye hanya, ya ci gaba da jan zarensa shi kaɗai.

A Riyad da aikin gini ya fara. Bai daɗe ba wani shugaban leburori ya dungure masa kai ya kira shi jaki a gaban mutane. Saidou ya sunkuce shi ya nana a kan tarin bulo, hannun mutumin ya karye gida biyu. Da an bi ta gaskiya da tun lokacin an cusa shi jirgi, amma dattawan Maradi suka yi ta ban haƙuri har kafilinsa, mai riƙe da takardun zamansa, ya gaji ya miƙa shi ga wani tsoho ɗan Yaman, Abu Salim, mai shagon yin firam a Suwaidi. Ranar farko Abu Salim ya ɗora masa abin yankan gilashi a tafin hannu ya ce, "Ya Sa'id, gilashi ba ya tsoron kowa. In ka yi masa fushi, jininka zai fara sha." Abin mamaki, Saidou ya iya. Mutumin da zare ya gagara sai ga shi yana jan layi a kan gilashi, ya ɗan danna, ya rabu tsaf ba ko tsaga.

Yana cikin awon gilashi ne wata safiya saƙonnin murya suka fara shigowa wayarsa daga ƙanwarsa Hansai, tana haki tana kuka.

Da hantsi 'yan bindiga suka shigo Tudun Wadari, a kan babura, fuskokinsu a naɗe. Da rumfar saƙa suka fara, domin nan maza suke zaune a jere, kowa yatsun ƙafarsa a sarƙe da igiyoyin masaƙa, ba mai iya zabura ya tashi. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya da harbi, wani ma bai kai ga ɗago kai ba. Waɗanda suka samu suka fizge ƙafa aka bi su da adda aka sassare a tsakanin turakun wadari. Ɗan baffan nan da Saidou ya taɓa rotsewa, da zaren da yake saƙawa aka ɗaure shi a jikin ginshiƙi kafin a cinna wa rumfar wuta. Suka ƙone rumbuna, suka kora shanu, suka shiga ɗaki-ɗaki. Hansai ta tsira da harsashi a cinya da goyo a baya, ta waiwaya sau ɗaya ta ga hayaƙi, ba ta sake waiwayawa ba har Maradi.

"Yaya, ba su bar ko tsinke ba," in ji ta. "Abin da ba su ɗauka ba sun ƙone. Baba yana cikin rumfa."

Daga baya ta ji an ce mutanen ƙauyukan kusa ne suka je suka binne gawarwakin bayan abin ya lafa. Ita dai ba ta koma ba, ba wanda ya koma.

Saidou bai yi kuka ba. Ya ɗaga wani babban madubi da aka kawo gyara ya maka da bango. Abu Salim ya ɗauko tsintsiya ya share. Watannin da suka biyo baya Saidou ya zama abin tsoro. Ya shaƙe wani direban tasi a kan canji har idanunsa suka firfito, ya fasa wa wani baki a layin burodi don kafaɗarsu ta gogu. Abokin ɗakinsa Musbahu, Bakatsine mai tuƙin gidan wani Balarabe, shi ya zama mai janye shi da mai ba da haƙuri, har ya ce ya fi shan wahalar tuƙin Saidou a kan tuƙin mota.

Ana haka wata mata ta shigo shagon da jakar kwali a rungume. Gajeruwa ce mai furfura jefi-jefi, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti, sunanta Huwana, daga wata ƙasa mai nisa da ake kira Guwatemala. Larabcinta na asibiti ne, na Saidou na kasuwa, amma suka fahimci juna. Ta buɗe jakar ta jera takardu masu kauri a kan tebur.

"A yi musu firam," in ji ta. "Amma kada ruwa ya taɓa su. Da ruwa aka yi su, ruwa ke kashe su."

Zane-zane ne na fentin ruwa. Mata a kan hanyoyin duwatsu, sanye da riguna masu nauyin ado, ja da shunayya da kore, wasu da tsuntsaye a ƙirji, wasu da layuka masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Maza da gajerun wanduna masu ratsi da ƙyallaye a ka. A ƙarƙashin kowane zane an rubuta sunan gari, da rubutun da Saidou bai iya karantawa ba. Ta ce mutanenta ne, ƙabilar Maya mazauna kan tsaunuka, kuma kawunta ne ya zana su, wani malamin makaranta da ya riƙa bin ƙauyuka a ƙafa da akwatin fentinsa. Saidou ya daɗe a sunkuye. Can ya ware biyu ya ajiye su gefe guda, ya ce waɗannan garinsu ɗaya, ratsin ɗamararsu iri ɗaya ne.

"Wa ya gaya maka?"

"Haka muke a garinmu, Madam. Tufa ke faɗin gidan mutum."

Sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce su ma haka ne, kuma abin da ya ci su ke nan. Tana yarinya aka yi yaƙi a ƙasarsu, sojoji su ma suka koyi karanta riga. In an zargi wani ƙauye da ciyar da 'yan tawaye, sai a tare mota a hanya, a sauke duk macen da ke sanye da adon ƙauyen nan. Ba a tambayar suna, ba a tambayar laifi. Uwarta ta cire tata rigar, wadda ta yi wata da watanni tana saƙawa, ta cusa a murhu, ta sayi ta kanti. Yayar uwar ta ce ita ba za ta tuɓe rigar da kakarta ta koya mata ba. A gaban Huwana aka jawo ta daga mota ta gashi, aka buga mata gindin bindiga a baki. Bayan kwanaki aka tsince ta a kwazazzabo, da rigar ne ma aka gane ta. Kawun mai zane shi ma ya fita wata rana bai dawo ba, takardun nan ne suka rage.

Jijiyoyin wuyan Saidou suka tashi. "La'anannu!" in ji shi. "A kashe mutum don tufar da ke jikinsa, ko a tambaye shi ba a yi ba? Wallahi da zan riƙe ɗaya daga cikinsu..."

Bai taɓa yin firam da kulawa kamar waɗannan ba. Ranar da ta zo karɓa, ta miƙa masa ɗan akwatin fenti da buroshi, domin ta ga yadda yake kallon zanen kamar mayunwaci a bakin tukunya.

Tun daga ranar Saidou ya samu abin yi da hannunsa ban da duka. Farkon abin ba kyan gani, ruwa ya yi yawa, launi ya bi launi, takarda ta kumbura. Ya yayyaga, ya zagi buroshi da uwar buroshi, ya sake. A hankali ya gane shi ma fentin ruwa ɗan'uwan gilashi ne, ba ya son gaggawa. Ya fara fito da mutanen Tudun Wadari: matan gidan Sarkin Masaƙa da zanensu mai zabo-zabo, tsofaffi da baƙin bunu, amare da jan ratsi a bakin zane, mafarauta da 'yar shara mai layu. Ba ya yi musu fuska, don kada a ce ya yi gunki, sai tufafi kawai a tsaye da mutum a ciki. Ya lilliƙa su a bangon ɗaki har ba masaka tsinke.

"Malam Saidou," in ji Musbahu, "mu biyu muke biyan haya, amma gari guda ke kwana a ɗakin nan. Ka ce musu su riƙa kawo nasu kason."

Saidou har dariya ya yi, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Amma abu ɗaya ya ƙi zuwa, shi ne kuwa wanda ya fi so. Ya zana ubansa a tsaye, da hula, da rigar wani mamaci mai yi masa yawa, ya zo kafaɗa ya tsaya cak. Jerin gidan maƙwabta duk ya tuna, don su yake kallo daga nesa. Na gidansu, wanda ya kwana a ciki, ya yi fitsari a kai, ya ƙona da garwashi, ya ɓace masa. Baƙi ne ya fara ko shuɗi? Farin siririn nan kafin ja yake ko bayansa? Duk wanda ya gwada, da ya bushe sai ya ga ba shi ba ne. Ya kira Hansai, ta ce, "Yaya, ni kaɗi na sani, wadari na maza ne. Kai aka ce ka tsaya ka ji." Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Maza masu sanin jerin duk sun ƙone a rumfa ɗaya, gwadon da ke ɗauke da shi kuma, a lissafin Saidou, yana kafaɗar wani ɗan ta'adda a daji. Kullum abin da ya rage a kansa ƙara dusashewa yake, tsoro kuma ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban namiji ba: gidansu zai ƙare a hannunsa. Kafaɗar tsohon ta zauna fara fat a bango.

Wata Juma'a cikin tsananin sanyin Riyad, bayan an sauko daga masallaci, Abu Salim ya aike shi kasuwar Batha ya kai wa wani mai aski gilashi. Ya naɗe shi a kwali ya saƙale a hammata. Batha ranar Juma'a kuwa sai wanda ya gani, kowace ƙabila ta duniya tana nan tana gogayya, masu aika kuɗi gida, masu neman mota, masu zagayawa kawai don ɗaki ya ishe su. Yana kutsawa sai idonsa ya faɗa kan bayan wani dogon mutum siriri a bakin shagon shayi, ya lulluɓe da gwado.

Ƙafafun Saidou suka tsaya da kansu. Ya matsa kusa. A gefen gwadon, daidai inda ya san zai gani, ga cikon jan zare nan.

Wani mai hankali da ya yi sallama. Da ya ce, bawan Allah, daga ina? Saidou bai taɓa tambaya ba a rayuwarsa, ba kuma ranar zai fara ba. Kansa ya riga ya gama shari'a: abin da ba su ƙone ba sun ɗauka, ga abin da suka ɗauka, ga wanda ya ɗauka, har ya samu na jirgi da dukiyar matattu ya zo ƙasa mai tsarki yana shan shayi. Ya damƙi gefen gwadon ya fizga. Mutumin ya juyo a firgice, ya riƙe gam da hannu biyu.

"Kai, lafiya? Saki! Wanga ba na bayarwa ba ne!"

Saidou ya sa masa goshi a hanci. Kofin shayi ya tashi sama. Mutumin ya faɗi, ya miƙe, ya ruga cikin wani lungu bayan shagunan tufafi yana jan gwadon, domin ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ba ya son taron da zai jawo 'yan sanda. Gudun nan ya ƙara tabbatar wa Saidou. Ya cim masa a ƙarshen lungu inda aka tara kwalaye, ya ɗaga gilashin da ke hammatarsa da hannu biyu ya sauke masa a ka. Ƙarar ta cika lungun. Mutumin ya durƙusa, Saidou ya haye shi, ya yi ta kirɓa masa gwiwa a haƙarƙari har ya ji wani abu ya ba da ƙas. Duk da haka mutumin bai saki gwadon ba, ya ƙanƙame shi a ƙirji kamar jariri. Saidou ya lalubo wani dogon ɓallin gilashi a ƙasa, ya damƙe shi da tafin hannunsa tsirara, bai ma ji yana shiga namansa ba, ya kai sara a fuska. Gilashin ya tsaga daga goshi, ya bi ta kan idon hagu, ya sauka a kunci. Mutumin ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da ta ɗan'adam ba. Jini ya wanke su duka biyun, ba a san na wa ya fi yawa ba.

Sai da ya ɗaga hannu zai soka a wuya sannan bakinsa ya buɗe.

"Kai ka kashe Maikuɗi! Ubana, tsoho, yana kan masaƙa!"

Mutumin ya daina kokawa. Ya buɗe idon da ya rage, cikin jini, ya dube shi.

"Maikuɗi na Tudun Wadari?" Muryar da ƙyar take fita. "Kai ne ɗan nashi da ke Makka? Ni na yi mashi wanka. Ni Hamissou, na Dogon Marke. Ni na sa shi rami."

Ɓallin gilashin ya zame daga hannun Saidou, ba don ya sake shi ba, yatsun ne suka daina riƙo. Ya san al'adar. Wa ya fi shi saninta? A cikinta ya girma, a kanta ya fara zubar da jinin wani. Ya zauna daɓas a cikin fasassun gilashi, ya buɗe baki, kukan da bai yi ba tun ranar saƙon Hansai ya ƙwace masa. A haka 'yan sanda suka same su, ba wanda ya yi yunƙurin gudu.

Idon Hamissou bai tashi ba. Hannun Saidou na dama kuwa gilashi ya yanke jijiyoyinsa, likitoci suka ɗinke abin da ya ɗinku, yatsun suka ƙandare a lanƙwashe, ko cokali ba sa riƙewa. Musbahu ya ɓamɓare zane-zanen daga bango ya kai wa Abu Salim ajiya, tsohon ya yi musu firam da kansa bai karɓi ko sisi ba.

Aka daɗe ana shari'a. Dattawan Maradi suka yi ta zirga-zirga wurin Hamissou, wanda shi ma yana tsare saboda rashin takarda, ana jiran a gama a mayar da shi gida. Ranar da alƙali ya tambaye shi ko yana neman a rama masa, ya miƙe da bandeji a rabin fuska, da gwadon a kafaɗa, an wanke shi amma tabon bai fita duka ba. Ya ce ya yafe. Ya ce ba don Saidou ya yafe ba, don tsohon ne, ba zai wanke uba da hannunsa sannan ya sa a ƙwaƙule idon ɗa ba. Hukuncin hukuma dai yana nan a kan Saidou, ɗauri sannan kora.

A baranda, kafin a zo a tafi da kowa inda za a kai shi, aka zaunar da su a benci ɗaya, ɗan sanda a tsakaninsu yana danna waya. Saidou ya kasa ɗaga kai. Hamissou ne ya fara magana, yana kallon bango.

Ya ce da shi da mutanen ƙauyensu suka shiga Tudun Wadari, wari ne ya fara tarbarsu. Maikuɗi bai ƙone ba, ya ja jiki ya fita daga rumfar, suka same shi a gindin turken wadari ya kifa a kan gwadonsa, shi ya sa wuta ba ta ci shi ba, ɓarayin kuma ba su gan shi ba. Ba wanda ya san yadda ake wankan gawa a cikinsu sai shi, shi ma a wurin Maikuɗin ya gani lokacin da tsohon ya zo Dogon Marke ya wanke nasa uban. Kabarin yana gabas da tsamiya, ya kafa masa turke don a gane.

"Ka gafarce ni," in ji Saidou. "Don Allah, Malam Hamissou."

"Na riga na faɗa a ciki."

Can Saidou ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ya jin ma ya cancanci ya roƙa, amma jerin gidansu yana jikin gwadon nan, ba shi a ko'ina kuma a duniya.

"Ba ni ba ka," in ji Hamissou. "Ka san ba a bayarwa. Kai ba ka wanke shi ba. A jikina za shi mutu."

"Na sani."

Hamissou ya sauke gwadon daga kafaɗa. Ya roƙi ɗan sandan ya ɗan ja baya, ya warware shi, ya shimfiɗa rabi a kan gwiwoyinsa, rabi a kan na Saidou. Ga shi nan, ba wani abu mai wuya ba: shuɗi mai duhu, fari siriri, baƙi, fari, sannan ja, ya sake komawa. Abin da tsoho zai gama faɗa kafin direba ya gaji da jira. Saidou ya ɗora hannun dama zai bi layukan, yatsun suka ƙi miƙewa, sai ƙugunsu kawai ya ja a kan zaren. Hannun ba zai ƙara riƙe buroshi ba, balle ƙoshiya.

Aka kira sunan Hamissou daga ƙarshen baranda. Bai yi saurin tashi ba.

"Duba da kyau," in ji shi. "Kai ke da ido biyu."

Sannan ya naɗe gwadon, ya mayar kafaɗa, ya bi ɗan sandan yana lalubar bango ta gefen hagu.